Doña Eudosia, Mai Ajiyar Nono a Tsakiyar Furanni

A garin Facatativá na ƙasar Kolombiya, gajimare a ƙasa yake kwana. Da safe sai ka ga kekunan ma'aikatan gonar fure suna ɓullowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa. Keken da ke fitowa a ƙarshe, baƙi mai kwando a gaba, na Doña Eudosia Cubillos ne. Shekara talatin da ɗaya tana zuwa a ƙarshe, kuma ba a taɓa kama ta da latti ba. Ranar Asabar da ta wuce ta ajiye aiki.

A takarda, aikinta sharar ɗakin sanyi ne, inda furen wardi ke jira cikin bokitai kafin a ɗaure shi a kwali a kai filin jirgi. Amma kafin ta taɓa tsintsiya sai ta ɗora tukunyar ruwan mazarƙwaila a bayan sito, saboda masu jegon da hutunsu ya ƙare suka dawo aiki. Da hantsi sukan zo mata, riga ta jiƙe a ƙirji, ido ya yi rau-rau. Takan kifa musu bokiti su zauna, ta rataya mayafinta na ulu ya zama labule, ta tafasa kwalabe da ɗan famfon tatsa. Wadda nono ya ƙi zubo mata, sai ta ce, "Rufe ido, 'yata. Tuno ƙanshin kan ɗanki. Bar kallon kwalbar, kunya take ji."

Tawada ba ta zama a jikin kwalba mai raɓa, ita kuma Doña Eudosia ba ta yi nisa a karatu ba. Sai ta samo tata dabarar. Kowace mace a gonar nan tana da layin furen da take yanka, don haka takan tsinki ganyen fure ɗaya daga layin uwar, ta wanke shi tas, ta ɗaure da roba a kan murfi. Ja na wance, fari na wance. Ko sau ɗaya ba ta taɓa musanya nonon ɗan wata da na wata ba.

Rawaya na Yurani Pachón ne. Shekara tara da suka wuce ta haifi 'yarta Salomé, bakwaini ce, cikinta ba ya karɓar madarar gwangwani, da ta sha sai ta amayar. Kullum da ƙarfe huɗu kakar yarinyar ke tsayuwa a bakin ƙofar gona ta karɓi kwalabe biyu. Ranar da babu su, Salomé da yunwa za ta yini har uwar ta tashi aiki. In kuwa abin ya maimaitu, Yurani barin aikin za ta yi, gidan kuma ba mai kawo abinci sai ita.

Aka shiga makonnin farkon Fabrairu, lokacin da duniya duka ke neman wardi saboda ranar masoya, ɗakin sanyi ya cika har rufi. Shugaban ma'aikata, Don Efraín, ya ga akwatin kwalaben a kan kantar ajiya ya ce, "Doña, nan ɗakin fure ne, ba gidan raino ba. A fitar da shi." Ta ce to, da ladabinta. Yana juya baya ta jera kwalaben cikin dogon kwalin fure, ta cusa takarda a tsakaninsu, ta rufe. Kuskuren daga nan ya fito. Hannunta da ya shekara ashirin yana taya ɗaurin kwali bai san wani ɗauri ba, sai ya ɗaure wannan da igiya biyu, tsaf, kamar mai shirin tafiya ƙasar waje. Masu lodi suka zo, suka ga kwali kamar kowane kwali.

Ƙarfe uku da rabi ta je ɗauka, ta tarar kantar wayam, motar da ke kai fure filin jirgi kuma ta fita. Waɗanda suka ga abin har yau suna ba da labarinsa. Ta haye keke da takalmin roba, ta ratsa tsakanin rumfunan leda, yayyafi na sauka, mayafi na kaɗawa a bayanta kamar an shanya shi a igiya. Allah ya taimake ta, shanun maƙwabta da ake kora zuwa tatsar yamma suka tare hanya, motar ta tsaya. Ta jingine keken a gaban motar.

Direba Aristóbulo ya leƙo ya ce, "Doña, in mutuwa kike nema, ki nemi wata motar, tawa sabuwa ce."

"Buɗe bayan nan, ka kwaso abincin 'ya'yan mutane."

"An buga hatimi. In na karya shi, ke za ki ciyar da nawa 'ya'yan?"

"To mu kwana nan. Ni dama ba na sauri, ka tambaya."

Suna haka Don Efraín ya iso a kan babur, rai a ɓace. Ba ta ba shi haƙuri ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Hannayenta biyu ta haɗa ta nuna masa, ta ce, "Ranka ya daɗe, girman yarinyar ke nan. Kakarta na bakin ƙofa tana jira." Ya daɗe yana kallon hannayen. Daga nan ya zaro almakashin yankan fure daga ƙugunsa, ya yanke hatimin da kansa.

Kwali ɗari huɗu ne a ciki, duk kamarsu ɗaya. Ta hau, ta ce kowa ya yi shiru. Ta riƙa ɗaga gefen kowane kwali kaɗan tana kasa kunne, tururin sanyi na fita ta ƙofa yana lulluɓe ta har ba a ganin komai sai kanta. Can a layi na uku aka ji ƙaramar ƙara, kwalba ta gaida kwalba. Ƙarfe huɗu da kwata Salomé ta samu abincinta.

Yau gonar tana da ɗaki na musamman, da kujeru da firiji da takardar rubuta suna. Ba a rubuta sunan Doña Eudosia a ƙofarsa ba, ni kuwa abin yana ci mini rai. Masu jego dai har gobe suna ɗaura ganyen fure a murfi, wasunsu ba su ma san daga ina abin ya samo asali ba.

Ke ce kika fara shi, Doña, da bokiti da mayafi. Ke ce uwar rana ga 'ya'yan da ba ki haifa ba, mai riƙe amana a cikin sanyi. Saboda ke mata da yawa ba a sa su zaɓi tsakanin aikinsu da jariransu ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Mu da muka rage, duk wanda ke aiki kusa da mai shayarwa ya duba abin da ke hannunsa, ko kujera ce, ko rabin awa, ko gurbi a firiji, ya ba ta ba sai ta roƙa ba.

A wajen bankwana, Salomé, mai shekara tara yanzu, ta ratso mutane riƙe da ganyen wardi rawaya. Ta kama hannun tsohuwar, ta ɗaura mata shi da roba a wuyan hannu. Doña Eudosia ta yi dariya ta ce, "Wannan fa, 'yar nan?"

Yarinyar ta ce, "Don a san ke ta wa ce."