Kunnen Jita da Nawa

A Garwa, 'yan ƙarafunan nan shida da ake murɗawa a daidaita tsirkiyar jita, kunnuwa muke ce musu. Ni kuwa duk abin da nake taƙama da shi a kiɗa bai wuce murɗa kunne ba. Masu sa wayar salula ta daidaita musu jita dariya nake musu, in ce wanda Allah ya ba kunne me zai yi da batir.

Mu huɗu ne muke kiɗa a gidajen biki da suna: mawaƙinmu, wanda shi ne shugaba, da mai ganga, da ni mai jitar gaba, sai abokina tela da ke riƙe mini ta baya. Da telan nan muka tashi, shi ya ɗinka mini kayan angonci. Kiɗa na Asabar da Lahadi ne. Sauran kwanaki ina bakin injina na casar shinkafa, buhunan shinkafa daga garin Lagdo na shigowa, inji na ruri daga safe har la'asar.

Abin ya faro ne daga 'yar siririyar tsirkiyar nan ta ƙasa. Sai in daidaita jitata tsaf, in jingine ta, in ɗauki buta in tafi alwala. In dawo, in taɓa, in ji siririyar ta saki. Da farko na ɗora wa zafin Garwa laifi, don zafin garin nan ko ƙarfe sai ya nemi inuwa. Amma wane irin zafi ne ke tsallake tsirkiya biyar ya zaɓi ɗaya? In na samu sarari sai in sake ɗaure ta. Muna fara kiɗa mawaƙi ya waigo ya harare ni. Ranar da ban samu sararin gyarawa ba, haka nake kaɗa ta raina a ɓace, mutane kuma su yi ta yabo. Na ce a zuciyata, ka ga gwaninta, an yi mini zagon ƙasa amma hannu ya fitar da ni.

Sai na lura kullum abokina ne ke cewa, "Je ka yi alwalarka, ni ina da tawa." Mutumin da na sani da shan shayi kamar ba gobe, yaushe ya zama mai riƙe alwala tun azahar? Na kuma tuna ya taɓa cewa yana sha'awar jitar gaba. Shekaru sun ja da ya faɗa, cikin raha ma ya faɗa, amma zargi ba ya raina tsohon zance. Na ce lallai biri ya yi kama da mutum. So yake mawaƙi ya gaji da ni ya ba shi gurbina.

Wata rana a shagonsa, yana kan keke bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Mutumina, anya kunnen nan bai gaji ba? Da ka kai an duba."

Na ce to. Washegari na sayi sababbin kunnuwa shida na sa wa jita, na kai masa har shago na ce ga shi an duba. Ya dube ni, ya dubi jitar, ya ci gaba da ɗinkinsa. Shirun nan ma na ƙirga shi cikin shaida.

Matata ta ce, "Malam, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya." Na ce ta bar ni da zunubina. Na saci guntun allin tela a shagonsa, don in kama shi da kayansa, na ja ɗan layi a kunnen siririyar. Biki biyu a jere ina dawowa in tarar layi ya goce. Raina ya yi baƙi ƙwarai, har gaisuwarsa na koma amsawa a daƙile.

A wani biki a unguwar Rumde Ajiya na yi shirin kama shi. Ana ta jera kujeru a ƙarƙashin rumfa, na ɗauki buta, na zagaya bayan wata motar itace na laɓe. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya waiga hagu da dama, ya ɗauki jitata, ya kara ta a kunnensa, ya murɗa. Na fito da butata cike da ruwa.

"Yau dai Allah ya kama ka! Da me na rage ka?"

Bai firgita ba, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan. Na faɗi maganganu a gaban mawaƙi da mai ganga waɗanda ba zan maimaita su a nan ba. Da na gama ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, juya mini baya. Zan taɓa siririyar. In ka ji, ka ɗaga hannu."

Na juya, ina huci. Jitar ba a jona ta da sifika ba. Ina jin ƙarar kujeru, ina jin wani babur a bakin titi. Na jira, na gaji.

"To kaɗa mana!"

"Sau huɗu na kaɗa," in ji shi.

Na dubi mawaƙi, wanda ya fi ni nisa da jitar. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Huɗu ne, yaya."

Abokina ya ce tun damina biyu da suka wuce nake ɗaure siririyar tana wuce wuri. Mawaƙi ya so ya sauke ni, shi ya roƙa a bar masa, zai riƙa gyarawa ba tare da na sani ba. "Na gaya maka kunne ya gaji," ya ce, "amma kai sai ka je ka sayo na ƙarfe."

Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya fi kunyar. Likitan da na gani daga baya ya ce ƙarar inji ce ta ci mini kunne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanzu da auduga a kunne nake casar shinkafa.

Na ba abokina haƙuri a shagonsa, na mayar masa da allinsa. Ya ce dama ya ga ya ɓace.

Har yau ni ke riƙe da jitar gaba. Duk inda muka je, ni da kaina nake miƙa masa ita in ɗauki buta. In na dawo na taɓa siririyar, sai in ji ta saki, yatsuna su yi ta ƙaiƙayin kai wa kunnen hannu. Ba na taɓawa. Haka nake kaɗa ta har a tashi, a kunnena tana yi mini kamar kuskure, mutane suna rawa.