Motar Garuba Marar Allo

Duk wanda ya san tashar motar unguwar Alabar a shekarun nan da ƙasar ta karɓi sunan Gana ya san motar Garuba. Kowace lori da allonta a goshi, an rubuta mata kirari da fenti. Tasa kuwa goshinta fayau. Abokan aiki har tsiya suke masa: "Direba, yaushe za a raɗa wa amaryar suna?" Sai ya yi murmushi kawai.

Ai da tana da allo. "Allah Gatan Kowa" aka rubuta, kuma Baba Sumana ne ya zaɓi kalmomin. Shi ne dillalin goron da ya sauki Garuba a gidansa na unguwar Aboabo lokacin da ya zo daga arewa bai san kowa ba.

Aikin Garuba shiga kurmi ne ɗauko goro, ta hanyoyin masu yankan katako, inda kwalta ba ta taɓa zuwa ba. Yana tafe da gatari da tamfol da wasu faffaɗan katakai biyu na shimfiɗa wa taya in ta nutse. In dare ya riske shi, ya hura wuta ya dafa shayi ya kwana gefen mota.

Wata damina tsohon ya nace sai ya bi shi. A hanyar dawowa ruwa ya ɓarke, mota ta kafe a taɓo har gindi. Kafin magariba zazzaɓi ya rufe Sumana, haƙoransa na kaɗawa.

"Garuba," in ji shi, "ba mutuwar nake tsoro ba. Kada dai ka bar ni a dajin nan, inda babu sahun da zai sallace ni."

"Haba Baba, ku da kuka ce sai kun ga jikokina?"

"Kai da ko matar ba ka yi ba, ja'iri."

Garuba ya zaga neman itace. Ko'ina sharkaf, ashana ta kusa ƙarewa. Ya dubi katakan nan biyu, busassu a ƙarƙashin tamfol. In ya ƙona su, mota ba za ta fita ba. Sai ya faskare bencin zama na cikin motar, ya hura wuta da shi. Da wannan ya cinye, ya hau goshin mota ya ɓamɓaro allon, wanda rumfar gaba ta kare daga ruwa. Fenti ya kama wuta da wuri. Ya tafasa citta, ya jingina tsohon a ƙirjinsa, yana ba shi kaɗan-kaɗan har rawar jikin ta lafa.

Da gari ya waye, wasu manoman koko suka zo wucewa. Aka shimfiɗa katakan, suka sa kafaɗa, mota ta yi gurnani ta fito.

Sumana ya iso Aboabo da ransa. Bai tashi daga wannan ciwon ba, amma a ɗakinsa ya cika, 'yarsa Safura na riƙe da hannunsa. Sahun jana'izarsa har bakin titi.

Mai fentin tasha ya sha tare Garuba a kan ya zo a yi sabon allo.

"Wanda zai zaɓa mini kalmomin ya tafi," yakan ce, ya ta da mota.