Kawu Mai Faci da Hantarsa

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai faci ne. Shekara talatin yana bakin titi da bahon ruwa da injin iska, kuma taurin kai gare shi kamar me. Ko iska kawai ka zo ƙarawa, sai ya zare tiyub ya tsoma a ruwa ya nemi kumfa, wai bai yarda da lafiyar da bai gani da idonsa ba. Masu babur sun sha yi masa tsiya kan ɓata lokaci.

Tun ina firamare aka gano yana da ciwon hanta. Da yake babu inda ke masa zafi, magani ma sai ya ga dama. Da na fara karatun jinya na tasa shi gaba zuwa asibiti, yana tafe yana mita. Likitar ta zaunar da shi ta yi masa bayani: ƙwayar cutar, wadda sau da yawa daga uwa ake ɗaukarta tun wajen haihuwa, tana sa hanta kumburi shekara da shekaru, ta ji rauni ta warke, ta sake jin rauni, har tabo ya cika ta. Garkuwar jiki kuma ta gaji da faɗa, ta daina kama ƙwayoyin hantar da suka lalace. A nan ciwon daji ke samun wurin tsirowa.

Kawu ya miƙe zumbur. "Faci kan faci ke nan! Likita, irin wannan tiyub ɗin ba ya sallama kafin ya fashe. A tsoma ni a ruwa!"

Ta yi dariya, ta rubuta masa hoton ciki duk wata shida. Bai taɓa fashi ba, har wanka yake da turare. A karo na biyar aka ga ƙari, bai fi kan ɗan yatsa ba. Kwana tara muna jiran jin ko ya bazu.

Bai bazu ba! Aka yi wa Kawu aiki, aka yanke ƙarin tas. Wallahi tsalle na yi a barandar asibiti da kayan makaranta a jikina, har wata nas ta harare ni. Na shiga wurinsa ina dariya ina kuka. Ya buɗe ido da ƙyar, ya kamo hannuna.

"Ke, share hawayen nan ki kira uwarki. Ciki ɗaya muka fito. Gobe ita ma a duba ta."