Kuɗin Gwaggo a Asusuna

Shekarar da bashi ya zo mini iya wuya a Dubai, ko jiniyar motar asibiti na ji sai in ɗauka 'yan sanda ne suka zo kama ni. Na ci bashin banki ne don in faɗaɗa harkar kago, wato aika kayan 'yan kasuwa gida, a Murshid Bazaar, sai kasuwa ta juya mini baya. Ga kuɗin hayar gidanmu a Al Ras, ga makarantar yara. Na koma ina cin bashin wannan katin banki ina toshe wancan. Matata har ta daina tambayar me ya sa nake kife waya duk lokacin da ta yi ƙara.

Wani maƙwabcina ɗan Kaduna, mai gyaran firji, shi ya gaya mini akwai doka ga wanda bashi ya fi ƙarfinsa. Kai za ka kai kanka kotu, ta naɗa masanin lissafi ya tsara maka biya a hankali. Na je ne kawai don tsoron kurkuku ya fi tsoron alƙali.

Masanin Balarabe ne mai sanyin magana. Yana bin asusuna sai ya tsaya a kan wasu kuɗi masu kauri. Na yi wuf na ce ba nawa ba ne, amana ce. Gwaggona, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni, ita ta sayar da gonarta a bayan Kano ta aiko in sayo mata abaya ta riƙa juyawa. Ya ce ina takarda?

Wace takarda kuma? Mu haka muke yi. A aiko ta hannun ɗan canji, a kira ka a ce sun shigo, ka ce sun shigo, shi ke nan. Ya girgiza kai ya ce a idon doka duk abin da ke asusuna nawa ne, za a raba wa masu bina. Sai fa in ita ma ta rubuto, ta sa hannu cewa tana bina.

Gumi ya keto mini a cikin sanyin ofishin. Na fito bakin ruwa inda ake loda jiragen katako, na kira ta. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na ce gwamnatin nan tana son ta rubuto cewa tana bina kuɗinta.

Dariya ta yi har da tari.

"Ni da na goya ka zan kai ƙararka wajen Larabawa? Allah ya kiyaye. Ka ce musu ba na binka ko sisi, kuɗina suna hannun ɗana."

Na buɗe baki in gaya mata gaskiya, sai ta ce in na tashi saye in zaɓo mata baƙaƙe masu duwatsu, su aka fi nema gabanin salla.