Ranar da Inna Ta Kai Baƙi Gaida Kaka Hauwa'u

A Jidda aka haife ni, a nan kuma aka yi mini aure. Maigidana ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, yana cikin masu sauke kaya. Muna zaune da mahaifiyarsa, wadda kowa a unguwa ke kira Inna. Tun tana budurwa ta baro ƙasar Hausa a ƙafa tare da iyayenta, ta Sudan, suka yi aikin hajji suka zauna. Ba ta ƙara komawa ba.

Wata rana da hantsi, a watannin da zafin garin kan ɗan lafa, sai ga maigidan ya dawo da baƙi biyu. Ɗaya dattijo ne mai furfura, shi ke dafa abinci a wani jirgin kaya da ya tsaya. Ɗayan abokin aikinsa ne, dogo, marar magana.

Dattijon ya durƙusa ya ce, "Mama, mun same ku lafiya? Yaya gajiya?"

Inna ta saki tsintsiyar hannunta. Hausarmu ta nan rabinta Larabci ce, shi kuwa tasa tsantsa, irin wadda ta rabu da ji tun mutuwar iyayenta.

"Kai ɗan ina ne?"

"Daga wajen duwatsun Jos, Mama. Mu Kirista ne. Yau Kirsimeti, an ba mu hutu, ga shi ba mu da inda za mu. Na ji an ce kabarin Hauwa'u, uwar bil'adama, yana garin nan, shi ne na roƙi ɗanki ya nuna mana."

Na saci kallon Inna, don ban san yadda za ta ɗauki maganar ba. Sai ta ce, "Wannan yaron me ya sani? Ni zan kai ku. Yalla, mu tafi! Ke, ɗauko mini mayafina."

Muka ratsa tsohon gari, ƙarƙashin dogayen gidajen nan masu tagogin katako. Inna na gaba, tana tafe tana tambaya: har yanzu ana noman acca? Har yanzu mata na kai tallan nono kasuwa? Dattijon na amsawa, tana tafa hannu.

Da muka isa makabartar, sai muka tsaya a jikin bango, domin mata ba sa shiga, baƙin ma ba su nemi shiga ba. Inna ta nuna da sandarta. Ta ce tsofaffin da ta tarar sun ga ginin kabarin Hauwa'u kafin a rushe shi, kai a can, ƙafafu a can nesa, ƙubba a tsakiya.

Dogon ya yi magana karo na farko, da Hausarsa ta kasuwa: "Mama, wannan mata dogo ne sosai."

Muka kwashe da dariya, har wani mai sayar da shayi ya leƙo.

Inna ta ce, "Haka dai aka ce, Allah ne masani. An kuma ce sunan garin ma daga gare ta ne, don jadda da Larabci kaka ke nan."

Dattijon ya cire hularsa. Ya ce, "Ashe gidan kakarmu muka zo yawon salla."

Suka sunkuyar da kai, shi da abokinsa, suka yi addu'arsu a hankali. Inna ta jira har suka gama. Sannan ta ce ya ba ta labarin haihuwar Annabi Isa yadda suke da shi. Ya faɗa mata yadda aka rasa masauki, aka kwantar da jariri a komin dabbobi, makiyaya suka zo gani. Ita kuma ta karanta masa ayoyi daga Suratu Maryam da muryarta mai rawa, ta fassara: yadda naƙuda ta kama Nana Maryamu a gindin dabino, aka ce ta girgiza shi, nunannu suka zubo mata.

Ya ce, "Wannan na dabinon ban taɓa ji ba."

"Ni ma ban san da makiyaya ba."

Da ya ambaci yadda suke kiran Annabi Isa a addininsu, Inna ta ɗaga hannu. "To, ɗana, a nan hanyarmu ta rabu. Halas, shi ke nan. Amma tuwo bai rabu ba, mu je gida."

A gida ya buɗe jakarsa ya fito da ƙullin daddawa da garin kuka, guzurin da matarsa ta haɗa masa. Inna ta kai ƙullin hanci ta daɗe ba ta sauke ba. Maigidana ya yanka kaza biyu. Na tuƙa tuwon shinkafa, amma miya dattijon ya hana ni taɓawa, ya ce aikinsa ne. Namiji a madafarmu! Ƙamshi ya fita waje, maƙwabta suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da dalilinsa: wannan aron ashana, waccan neman ɗanta. Wata Balarabiya maƙwabciyarmu ta toshe hanci don warin daddawa, daga baya ta ci malmala biyu.

Bayan an ci, baƙin suka rera waƙar bikinsu ƙasa-ƙasa da Hausa, yara suka kewaye su suna kwaikwayon amshin ba tare da sun san ma'anarsa ba. Da aka kira la'asar muka tashi salla, su kuma suka zauna a tsakar gida suna tsare mana shayi kada ya ƙone.

Kafin magariba maigidana ya raka su tasha. Inna ta bi su har bakin titi, abin da ba ta yi wa kowa, tana ta jero wa dattijon sunayen garuruwan da ta ratsa tana yarinya, wai in ya bi ta can ya gaishe su. Ya ce jirginsu a Ikko yake tsayawa, amma zai yi ƙoƙari.