Iyakar Gayaunar Mahaifiyata

Shekarun baya, idan aka ɗauko hirar garinmu a majalisarmu ta Kano, ba na barin kowa ya sa baki. Nakan ce ko an ɗaure mini ido da rawani an jefo ni daga jirgin sama tsakanin Gaya da Ajingi, kafin in karkaɗe rigata zan gaya maka gonar wa na faɗo. Alhali a lokacin na fi shekara ashirin rabona da in kwana uku a jere a can.

Garin namu ɗan ƙarami ne, in ka yi atishawa a bakin kasuwa sai a yi maka sannu daga masallaci. Gabashinsa jigawa ce, farin yashi, sai gero da gyaɗa. Ta yamma kuwa ƙasar tana gangarawa zuwa fadama. A tsakanin nan mahaifiyata take da gayauna, ɗan filin da mahaifina ya yanka mata daga gonar gida tun tana amarya. Da ya rasu na dawo da ita wurina, aka ba maƙwabcinmu aron filin. Shi ma ya rasu, ɗansa ya ci gaba da nomawa, gambar da ta raba gonakin biyu kuma a hankali garma ta cinye ta.

Da yanar ido ta rufe wa mahaifiyata gani, sai ta ce tana so ta mallaka wa ƙanwata filin tun tana da rai, don ita ce ke aure a garin. Mai unguwa ya aiko cewa a zo da wanda ya san iyaka.

Na ce, "Inna, yi zamanki. Wanda ya san iyaka ai ga shi a gabanki."

Ta ce, "To. Zan dai bi ka in sha iska."

Da bazara muka je. Sau biyu ina wuce kwanar gonar, don an jera shagunan bulo a inda na san rijiya. Na ce mata zagayawa nake da ita ta ji yadda gari ya ci gaba.

Muka tarar da mai unguwa da dattawa biyu da ƙanwata da ɗan maƙwabcin namu. Na gyara babbar riga, na taka har gindin wata ɗorawa, na dafa ta.

"Ranka ya daɗe, daga nan filin ya tsaya. Ko a gaban alƙali haka zan faɗa."

Ɗan maƙwabcin ya yi caraf ya ce, "Wallahi Alhaji ya faɗi gaskiya! Ilimi dai ilimi ne."

Mai hankali da ya ji saurin amsar nan zai tsargu. Ni kaina ne ya ƙara girma. Har an ɗauko turke za a kafa, sai muka ji muryar Inna.

"Ku dakata. Ku kai ni wurin ɗorawar."

Ƙanwata ta riƙe mata hannu. Ta shafa jikin bishiyar, ta zagaye ta da hannu biyu har yatsunta suka haɗu.

"Wannan ai yarinya ce. Tamu ƙarti biyu ba sa rungume ta."

Sai ɗaya daga dattawan ya dafe kai, ya ce tabbas, babbar iska ta kayar da tsohuwar tun tuni, wannan daga baya ta tsiro.

Inna ta tuɓe takalmi. Ta nufi yamma a hankali, ƙafarta tana nutsewa cikin yashi mai zafi, mu kuma muna biye kamar 'yan rakiyar amarya. Ta yi taku kusan arba'in, sannan ta tsaya tana murza ƙasa da diddige.

"Nan yashi ya ƙare. Maigidana, Malam, ya ce mini rabona har inda ƙasa ta fara danƙo, don in samu wurin kuɓewa. Ku tona."

Ƙasarmu ba ta da duwatsu, shi ya sa mutanen da in za su yi iyaka sai su binne fasasshen tulu a kusurwa. Aka tona har gwiwar hannu, sai fartanya ta ce ƙwas. Aka zaro bakin tulu aka miƙa mata. Ta daɗe tana shafa shi.

"Nawa ne. Ni na fasa shi a hanyar rijiya, ya ce kada in yi kuka, zai yi mana amfani."

Ɗan maƙwabcin ya sosa ƙeya ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna, ni haka na tarar." Aka kafa turke, aka shafa fatiha. Sai a lokacin na auna da ido: saura kaɗan in yi kyautar sulusin filin, kuma wajen da ya fi albarka.

Damina biyu bayan nan Allah ya karɓi abarsa, Inna ta rasu. Ƙanwata tana shuka kuɓewa a wurin, duk shekara ta aiko mini da busasshiya. Ranar da aka kaɗa miyarta ba na surutu a kan tuwo, har yarana sun gane. Yanzu ina yawan zuwa garin, in zauna wurin tsofaffin da suka rage in yi ta tambaya, amma duk wanda na tambaya sai ya ce, "Kayya, ai da innarka za ka tambaya."

A hanyarmu ta komawa Kano ranar da aka kafa turken, na so in gyara mutuncina. Na ce, "Inna, kin san dai gwada ki nake yi."

Bakin tulun yana kan cinyarta. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Ina za ka san ƙasar? Duk noman da aka yi a gonar nan kana kan bishiya kana shan ɗorawa."