Littafin da Aka Tura Ni Karɓowa

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, mu uku: ni da direba da wani matashin ma'aikaci mai kula da sabuwar manhajar da ma'aikatarmu ta raba wa ƙananan asibitoci. Aikin da aka ba ni ba mai wuya ba ne. In zagaya Rano da Kibiya, in tabbatar an daina rubuta rigakafin yara a takarda, duk inda na ga tsohon littafi in karɓo shi. Umarnin ma cewa ya yi kada a yi wa yaro allura sai kwamfutar hannu ta nuna sunansa.

Daga Ƙarfi muka karya muka bi ta Bunkure. Dawa ta nuna, ana ta yankan shinkafa, hanya kuwa wani wurin lafiya lau, wani wurin sai ka riƙe haƙoranka. A Rano muka tsaya karin kumallo. Ƙosan ya ƙanƙance har na tambayi mai suya ko azumi yake yi, ta ce in je in tambayi mai wake.

Asibitin farko, can wajen Saji, kwamfutar na nan a cikin kwalinta, fes. Wanda aka kai horo birni an yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da lambar sirrin a kansa. A na biyu akwai lamba, babu sabis. Ma'aikacin ya nuna mana wani dutse a bayan gari, ya ce kullum da yamma sai ya hau shi kafin bayanai su tafi. Mutumin manhaja ya ce ai a ofis komai yana aiki. Na ce masa to sai mu kwaso matan ƙauyen nan mu kai su ofis. Raina ya fara ɓaci tun daga nan, don mu muka zauna a ɗaki mai sanyi muka sa hannu, ba wanda ya taka ƙafa ya zo ya duba.

Da hantsi muka wuce Kibiya zuwa wani ƙauye a yankin Durba, muka tarar ranar allurar ƙyanda ce. Mai kula da wurin dattijuwa ce, kowa Malama yake ce mata. Layi yana tafiya har aka zo kan wata Bafulatana mai goyo, wadda ta taho a ƙasa tun daga rugarsu. Ta ce gobe za su tashi da shanu, ba su dawowa sai damina, ga ƙyanda kuma ana jin labarinta a hanyar da za su bi.

Malama ta ce, “Yaya sunan yaron?”

Matar ta dubi ƙasa. “Dikko muke ce masa.”

Aka buga Dikko, babu. Mutumin manhaja ya matso. “Baiwar Allah, sunan yanka muke so.”

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ɗan fari ne, ba za ta faɗi sunansa ba ko za a kwana ana tambaya. Goggonsa ce ta kawo shi allurar farko, ita ta ba da sunan. Kati kuwa mu muka hana bayarwa. Manhajar ba ta neman yaro sai da suna ko lambar waya, matar ba ta da waya. Ko sabon rajista aka ce za a yi, sai da sunan dai. Matashin nan ya yi lallashi, ya yi bayani, har ya fara ɗaga murya. Ita ko ta gyara goyonta ta juya za ta tafi, yaron ba a yi masa komai ba. Wallahi ji na yi kamar in ɗauki kwamfutar in jefa a rijiya.

Malama ta dube ni, ta san sarai abin da ya kawo ni. Duk da haka ta sunkuya ta zaro wani littafi daga ƙarƙashin akwatin ƙanƙara. Na leƙa. Ashe tun tuni ta ja layi da hannunta ta ƙara gidaje biyu a kowane shafi: rugar da aka fito, da sunan da uwa take kira. Ba ta buɗe shafi uku ba ta samo shi. Ta karanta sunan a hankali, matar ta ƙara sunkuyar da kai tana murmushi. Aka buga, sai ga yaro a kwamfuta. Aka yi allura, ya tsala ihu, ni dai ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.

Da layi ya ƙare Malama ta miƙo mini littafin da hannu biyu. “Hajiya, ga shi. Na san shi kuka zo karɓa.”

Na ce, “Mayar da shi inda yake, Malama. Aron shafi ɗaya kawai zan yi, in ɗauki hotonsa in kai wa mutanen ofis.”

A hanyar dawowa na tsara abin da zan kai ofis. Abin da na rubuta a rahotona kaɗan ne. Kada a ƙwace takarda sai na'ura ta nuna za ta iya. A horar da mutum biyu a kowane wuri. A gwada abu inda babu sabis kafin a raba shi. Kuma kafin a tsara tambayoyin da za a yi wa uwa, a zauna da irin su Malama tukuna.

Bayan magariba na isa gida, ina ta faɗa a zuci da mutanen da suka tsara manhajar, wai ba su san mutanensu ba. Babban ɗana ya buɗe mini ƙofa ya karɓi jakata. Na ce, “Yayansu, kawo mini ruwa.” Sai na tsaya cak a zaure. Shekararsa ashirin da biyu, bakina bai taɓa furta sunansa ba. Kuma duk zaman da aka yi a kan manhajar nan ina wurin, da hannuna na sa hannu.